Yadda muka yi kusan shekara muna wasan eshek ɗaya tsakanin Garwa da Njamena

Lokacin gasar CAN ta 2021 ne, wato kofin ƙwallon ƙafa na Afirka da aka yi a farkon 2022, da aka buga wasu wasannin a nan Garwa filin Rumde Ajiya gari ya cika da baƙi, wani dattijo daga Njamena ya sauka wajen 'yarsa dake aure a unguwarmu. Shi ba ƙwallo ta kawo shi ba, jika aka haifa masa yazo suna. Tsohon malamin lissafi ne a lise, yayi ritaya. Da yamma ya biyo ta majalisarmu inda yawanci dam da lido ake bugawa, mu 'yan eshek, wato darar Turawa da ake kira chess da Turanci, bamu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ya tsaya yana kallo hannu a baya, can yace ko za'a bashi wuri. Cikin ɗan lokaci ya share kowa. Ni kaɗai ne muka yi ta kai ruwa rana dashi, ya ci in ci, kuma ba yabon kai ba a garin nan ba kowa ke son zama gabana ba. Da zai koma yace min, ɗana, wannan da muke yi na hanzari ne, hannu ne ke wasa ba kai ba, in kana da zuciya mu buga na wasiƙa. Nace Baba wace wasiƙa kuma a wannan zamani? Yace WhatsApp ma ai wasiƙa ce.

Abu na farko da muka yi shine nemo alƙali. Wani ɗan kasuwa a Kusiri, garin Kamaru dake tsallaken kogi daga Njamena, da ya san mu duka biyun kuma yana ɗan taɓa wasan, shi aka ɗora, aka buɗe gurup na mutum uku. Duk taku sai an tura shi nan, alƙali ya rubuta ranar da ya shigo. Kan lokaci mun ɗan ja. Ƙungiyar duniya ta masu wasan wasiƙa, ICCF da aka kafa a 1951, tsarin da suka fi amfani dashi shine taku 10 cikin kwana 50. Baba yace shi shekarunsa sun ja, in aka bi wannan sai dai jikokinsa su ƙarasa masa, sai muka tsaya kan taku 10 cikin kwana 30 ga kowa, abinda ka rage kuma yana tara maka gaba. Aka ware hutu na azumi da na rashin lafiya. Alƙali ya ƙara da cewa in reso ya ɗauke a tura masa ta SMS, domin su mutanen can sun san zafin abun, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe musu WhatsApp da Facebook a Chadi.

Sai maganar rubuta taku. Ni littattafan da na koya dasu daga Yola aka kawo min, na Turanci ne, shi kuma na Faransanci ya sani, kuma harafin R da ni nake nufin hasumiya dashi, shi a wajensa sarki ne. Rigima ce ke jiran mu. Sai ya koya min lambobin da masu wasan wasiƙa suke amfani dasu tun da can: kowane gida a allon lamba biyu gare shi, ta farko layin tsaye daga 1 zuwa 8, ta biyu layin kwance, wato a1 shine 11, h8 shine 88. Ba'a faɗin sunan abinda ya motsa, gidan da ya tashi da gidan da ya sauka kawai ake rubutawa. Sojan gaban sarki in ya yi taku biyu 5254 kenan. In zaka ɓoye sarki a lungu ka rubuta tafiyar sarkin kaɗai, 5171. In soja ya kai ƙarshen allo sai ka ƙara lamba ta biyar, 1 sarauniya, 2 hasumiya, 3 wawa (bishop da Turanci), 4 doki. Farko-farko sai na ɗora yatsa a allo ina ƙirgawa kafin in tura, daga baya ido ya saba.

Doka ɗaya ce Baba ya ƙi a taɓa ta: abinda ka tura ya tafi. Ba gogewa, ba "au, ba haka nake nufi ba". Ya bamu labarin wasan da kulob ɗin Landan suka buga da na Edinbara daga 1824 zuwa 1828, ana kai wasiƙun a keken doki, mutanen Landan suka jefa wasiƙa sannan suka gane sun yi ɓarna, suka ruga gidan waya a basu abinsu aka hana, mutanen Edinbara kuma suka ce atafau abinda aka rubuta shi za'a bi, ƙarshe su suka ci gasar. Shi kansa yace a ƙuruciyarsa direbobi yake ba takarda su kai wa wani abokinsa a Marwa, hanyar Kusiri, Waza, Mora, wani lokaci takardar ta iso da maiƙon inji a jikinta, wani lokaci damina ta tare mota a jira har a gaji.

To sai babbar magana, inji. Kowa ya san tun 1997 da kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya Kasparov abun ya wuce hannun ɗan Adam, yanzu kuwa Stockfish, manhajar dake buga eshek, kyauta ne, wayar da ba ta kai jaka hamsin ba zata ɗauke shi ta lallasa duk wanda muka sani. Su ICCF sun haƙura sun halatta, kowa da kwamfutarsa, shi yasa wasannin manyansu kusan duka canjaras ake tashi. A Lichess kuwa, dandalin buga eshek a intanet, in kana buga na kwanaki, inda zaka iya zaɓen daga kwana 1 har 14 a kowane taku, an yarda ka duba littafi da tsoffin wasanni amma inji haramun ne. Mu wannan muka ɗauka. Littafi eh, tsoffin wasanni eh, ka matsa 'ya'yan allo yadda kake so eh, inji a'a, tambayar wani a'a. Alƙali yace to ni ta yaya zan tabbatar, ina Kusiri? Baba yace ba zaka tabbatar ba. Shikenan aka bar ta a haka, ko rantsuwa ba'a yi ba.

Aka yi ƙuri'a fari ya faɗo min. Na tura 5254, ya amsa 5755, dokina ya fito, nasa ya fito, na kai wawa c4, ya fito da doki na biyu, na zabura da dokina g5 ina hararar f7. Waɗannan duk cikin 'yan kwanaki muka wuce su domin kowa ya haddace. Ya tare da soja d5, na cinye. Anan kowa dokinsa yake kaiwa a5 ya kori wawa, shi nake jira, sai ga saƙo da asuba: 2725. Na duba na sake dubawa. Sojan b ya turo har b5, a bakin wawana, kyauta, alhali dokinsa na c6 ma yana bakin sojana.

A shago nake da allo biyu, ina sayar da kayan gyaran moto ne a babbar kasuwa. Ɗaya na gaskiya, yana kan kanta ta ciki lulluɓe da tsohon rawani, ba'a taɓa shi sai taku ya tabbata. Ɗayan na gwaji, wanda sojansa baƙi ɗaya ya ɓata tuntuni na maye shi da noti mai lamba goma sha huɗu. Sai kaye na 'yan makaranta inda nake rubuta reshe-reshe, in na yi kaza zai yi kaza. A wannan na gwajin na ga dalilin kyautar: in na ci sojan da wawa, sarauniyarsa ta sauko d5 ta kama wawan da sojan g2 lokaci guda. Na shiga tono tsoffin wasanni, sai gashi, ashe hanyar da Hans Berliner ɗan Amurka ya bi da Yakov Estrin ɗan Rasha ce a gasar duniya ta biyar ta wasan wasiƙa, wadda aka yi daga 1965 zuwa 1968. Estrin ɗin nan fa masani ne na wannan buɗin, har littafi ya rubuta a kansa, amma Berliner ya shirya masa tarko a gida, a taku na 10 ya bar dokinsa da wawansa duka a baki ya turo soja e4, ya ci wasan a ƙarshe da hasumiya da sojoji, ya kuma ɗauke gasar da maki 14 cikin 16. Wato tsohon nan so yake ya zaunar dani a kujerar Estrin.

Amsar da masana suka yarda da ita a nan abin dariya ce a ido: wawan da ka fito dashi ka maida shi gidansa f1, 3461. Yaran majalisa da suka gani suka ce oga ya tsorata. Amma daga can yana gadin g2, sarauniyar ba ta da abin kamawa. Ya shigo da doki d4, na tsokane shi da c3, ya cinye sojana na d5. Nan Estrin ya janye dokinsa zuwa e4 ya faɗa ramin da aka haƙa masa. Ni na ƙi wannan hanya, na ci dokinsa ya ci nawa da sarauniya, na ci b5 da eshek, wato tare da kai wa sarkinsa hari, sarkinsa ya matsa d8 ya rasa damar ɓuya har abada, na ɓoye nawa sarkin. Ya ɗora wawa a b7, na fito da sarauniya f3, ya kawo hasumiya b8.

Wannan ya zo daidai da azumi, watan Afrilu, wanda duk ɗan Garwa ya san abinda ake nufi, zafi ya haura 40, wuta tana zuwa tana tafiya, dare a tsakar gida ake kwana. Mun ɗan ɗauki hutu amma gaskiyar magana wasan wasiƙa ba ya hutu, kai ne kawai ba ka turawa. Kana auna wa mutum man inji allon yana idonka. Kana sahur yana nan. Uwargida tace min rannan, Malam, wai kai da wa kake magana ne cikin barci, doki doki? Abinda wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba shine yawan lokaci ba sauƙi yake kawowa ba. A wasan majalisa in ka ga taku mai kyau sai ka buga ka wuce. A nan kana da sati, sai ka ga mai kyaun, ka ga abinda zai ɓata shi, ka ga maganin wannan, ka ga maganin maganin, kaye ya cika da layuka da kibiyoyi, ranar ƙarshe kuma ka dawo kan wanda ka fara gani tun da farko.

Na ci sojansa na e5 bayan na auna iya aunawata. Amsar ta zo bayan sallah ƙarama: 4553. Doki daga d5 ya diro e3, tsakiyar gidana, inda sojoji biyu da sarauniya duk zasu iya cin sa. Ko da na san irin wannan na iya zuwa, ganin sa a allon gaskiya daban ne, sai da cikina ya ɗuri ruwa. Da dokin ya tashi hanya ta buɗe wa wawan b7, yana kallon sarauniyata kai tsaye, bayanta kuma g2. In na ci dokin da soja sarauniya ta tafi. In na ci da sarauniya, tasa ta sauka g2 mat, wato sarkina ba mafita, dara ta ci gida. In na tare da sarauniya a g3 yayi musaya ya shiga c2 da doki ya ɗauke min hasumiyar lungu. Na rufe shago da wuri ranar.

A daren nan ne ɗan ƙanwata, yaro ɗan lise mai shegen wayo, ya leƙo ya ga na haɗa kai da gwiwa, ya zaro wayarsa yace Kawu bari in saka maka shi a Stockfish, sakan biyar ne, wa zai sani? Na kore shi. Amma abinda ya bari a ɗakin ya fi tayin nasa nauyi, domin da ya kai bakin ƙofa sai ya juyo yace, to kai ka tabbata tsohon ba shi yake yi ba?

Wannan tambayar ita ce ainihin wahalar wasan a zamanin nan, ba lissafi ba. Jarabar ka duba inji tana da sauƙin kashewa, ka kife waya ka ajiye. Zargi ne ba ya kifuwa. Duk takun da ya yi kyau sai zuciya tace anya, mutum mai shekara saba'in da wani abu zai ga wannan shi kaɗai? In ya amsa da wuri kace inji ne ya bashi, in ya daɗe kace yana ɓad da sawu ne. Kuma da zarar ka yarda da zargin, shaiɗan ya gama aikinsa, domin abu na gaba da zai ce maka shine tunda shi yana yi kai ma ramawa ce. Ina ganin mafi yawan waɗanda suke sata a irin wannan wasa ta wannan ƙofar suke shiga, ba wai sun tashi da niyyar cuta bane. Ni abinda ya riƙe ni ba wani waliyyanci bane, lissafin ɗan kasuwa ne: in na saka inji, ko na ci ban san ko na fi shi ba, kuma abinda nake son sani kenan tun farko, to asarar watanni na yi kenan.

Taku ɗaya ne ke tsayawa a wurin, kuma sai da na bi sauran duka na ga sun rushe kafin in yarda dashi, 6383, sarauniya zuwa h3. Tana gadin g2, kuma tana barazanar sauka d7 da goyon wawan b5, mat a kan sarkinsa da ya maƙale a tsakiya. Ba shi da lokacin cin hasumiyata. Tunda na ga abinda zai biyo baya dole ne, sai na yi amfani da abinda masu wasiƙa suke yi don rage kuɗin tambur, wato taku na sharaɗi, na rubuta: in 7572 to 8372, in 5372 to 4244. Ma'ana in ya ci g2 da sarauniya na ci, in ya rama da doki na turo soja d4 in toshe wa dokin hanyoyin fita. Shima wannan in ka tura ya ɗaure ka, kuma yana nuna wa abokin karawa abinda ke ranka, shi yasa ba'a yin sa sai inda ba wata hanya. Baba ya amsa da kalma ɗaya, madalla, sannan ya fidda dokinsa ta h4. Na bashi eshek da wawa a g5, ya tare, na ci dokin ya ci wawan. Ƙura ta lafa ina da soja ɗaya fiye dashi, shi kuma yana da wawaye biyu masu dogon hannu a fili buɗaɗɗe.

Daga nan wasan ya koma noma, damina guda muna turzawa, ba abin ba da labari sosai. Ni ina neman in yi musaya in rage kaya domin sojan nan ɗaya yayi magana, shi yana ƙin musayar da nake so yana neman wadda yake so.

A watan Oktoba ya yi shiru. Lokacinsa na ta tafiya, alƙali ya kira waya ba ta shiga. Shekarar ce kogunan Shari da Logon suka cika suka haura, ruwa ya shiga unguwannin kudancin Njamena irin su Waliya, can kuma yake zaune, Kusiri ma bata tsira ba. A doka in kwanakinka suka ƙare ka faɗi. Alƙali ya tambaye ni me za'a yi, nace a tsaida agogo mana, wannan ma abin tambaya ne? Da ya samu kansa a gidan wani ɗan'uwa ya kira ni, na jajanta masa, nace Baba a bar wasan nan sai hankali ya kwanta. Yace ɗana, katifa ta tafi, littattafai rabi sun jiƙe, amma kayena yana aljihun jallabiya, gobe zaka ga taku. Kuma ya turo.

Musayar da yake nema ya same ta a ƙarshe, ya bada wawansa na fararen gidaje ya karɓi dokina, hasumiyoyi suka bi, aka bar ni da wawa mai bin fari shi da mai bin baƙi. Duk wanda ya san wasan ya san wannan, soja ɗaya ba ya isa, sarkinsa ya zauna a baƙin gida gaban sojana, wawana ba zai taɓa iya tada shi ba ko zamu shekara goma. Na juya ta ko'ina a allon noti, babu. Al'adar wasan ita ce wanda ke da rinjaye shi ya kamata ya miƙa hannu, don haka na tura takuna na haɗa da "Baba ina tayin canjaras". Ya karɓa bayan la'asar, alƙali ya rubuta rabi da rabi.

Abinda ban roƙa ba shi ya turo daga baya, hotunan shafukan kayensa tun daga taku na biyar, rubutun malamin lissafi ƙanana a jere da jan biro da shuɗi, wasu shafukan ruwa ya taɓa gefensu tawada ta bazu. Shafi huɗu ya cika a kan dokin e3 kaɗai, kuma a can ƙasa ya rubuta h3 ɗina ya zagaye shi ya sa alamar tambaya, da Faransanci a gefe wai "zai gani kuwa?". Akwai wani reshe da ya bi har taku tara ya soke shi da layi biyu, wanda ni ma na bi shi na soke a daidai wurin. Na ɗauki nawa kayen na tura masa. Ya kira ni muka kusa awa a waya har kiredi ya ƙare, yana ce min a tsakiyar damina na yi gaggawar tura sojan f, ni kuma ina ce masa in ban tura ba wawansa na h4 zai shaƙe ni, har yau bamu daidaita a kan wannan ba, kuma mun ƙi saka wa inji ya raba mu.

Na biyu shi zai riƙe fari. Na nemi a maida lokacin kwana 40 sabida harkar shago in kakar auduga tazo mutane suna da kuɗi moto na ta shigowa gyara, yace a'a, talatin ɗin dai, alƙali kuma ya goyi bayansa.